Yadda za ka tsara cajin motar lantarki ba tare da ka ɗora wa layin wuta nauyin da ba zai iya ba

Duk wanda ya fara tunanin sayen motar lantarki tambayar farko da yake yi ita ce minti nawa take ɗauka kafin ta cika, kuma ban ga laifinsa ba don mun saba da gidan mai, ka tsaya minti biyar ka wuce. Amma ni a ganina tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce yaushe za ka jona ta kuma a ina. Wannan ita ce take shafar lafiyar batirinka da wayarin gidanka da taransifomar da ku da maƙwabta kuke sha daga jikinta. Motocin nan sun yi yawa yanzu, a shekarar 2024 kaɗai an sayar da sama da miliyan 17 a duniya idan aka haɗa da masu amfani da batir da fetur waɗanda ake jonawa, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar sabuwa, a Norway kuwa kusan tara cikin goma na sababbin motoci a shekarar na lantarki ne zalla. Toh duk waɗannan motocin wuta ɗaya suke sha da firij da fanka da injinan masana'antu, shi ya sa yadda kake caji ba harkarka kai kaɗai ba ce.

Fara da lissafi, kafin ka sayi komai

Abubuwa biyu ne mutane suke rikitawa, kilowat da kilowat-awa. Kilowat shi ne ƙarfin da wutar ke shiga da shi, kamar faɗin bututun ruwa, kilowat-awa kuma shi ne yawan abin da ya shiga, kamar girman tanki. Batirin yawancin motocin yanzu yana tsakanin kilowat-awa 40 zuwa 100, kuma mota matsakaiciya tana cin kamar kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, babbar mota ko gudu sosai ko sanyi mai tsanani suna ƙara cin.

Yanzu ka zauna ka duba kilomita nawa kake yi a rana, na gaskiya fa, ba tafiyar da kake yi sau biyu a shekara ba. A ce kilomita 50 ne. Idan motarka tana cin 18 a kowace 100, abin da za ka mayar mata da dare kilowat-awa 9 ne kawai. Cajar gida mai kilowat 7.4 za ta mayar da wannan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, soket na yau da kullum ma mai ba da kilowat 2.3 zai yi shi cikin kamar awa huɗu. Motar kuma tana ajiye awa goma ko fiye duk dare. Idan ka gane wannan lissafin rabin damuwarka ta tafi, saboda za ka ga ba sauri kake buƙata a gida ba, lokaci kake da shi mai yawa, kuma wannan rarar lokacin ita ce abin da layin wuta yake so daga wajenka.

Ka ƙara kamar kashi goma cikin ɗari a kan lissafin don akwai wutar da take ɓacewa a matsayin zafi wajen caji, a soket ɗin gida ɓacewar ma ta fi haka don motar tana daɗewa a farke tana cin wuta da kwamfutocinta.

Iri-iren cajar da kuma wadda ta dace da kai

Wutar da ke zuwa gida AC ce, wato mai kaiwa da komowa a cikin waya, batir kuma DC yake sha, wato mai tafiya gefe ɗaya. Idan ka jona mota a gida, akwai na'ura a cikin motar da take juya AC zuwa DC, kuma ƙarfin wannan na'urar shi ne iyakar saurinka. Wannan wajen mutane da yawa suna yin asara, mutum ya saka caja mai kilowat 22 a bango alhali na'urar cikin motarsa 11 ko 7.4 take iya karɓa, shikenan ragowar ƙarfin ya tashi a banza. Dan Allah ka buɗe littafin motar ka duba wannan lambar tukuna.

A ƙasashen da wutar gida take bolt 230, fes ɗaya, wato waya mai wuta guda ɗaya ce ke shigowa, da amp 32, amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, yana ba da kilowat 7.4, fes uku da amp 16 yana ba da 11, fes uku da amp 32 yana ba da 22. A Amurka da Kanada soket ɗin gida bolt 120 ne, bai kai kilowat 2 ba, shi ya sa can ake jan layin bolt 240 irin na injin busar da kaya. Su kuma manyan cajojin kan hanya su ne suke juya wutar da kansu su ɗura DC kai tsaye cikin batir, yawanci daga kilowat 50 har 350.

Sai maganar baki, wato kan filogin. Turai ta tsaya a kan Type 2 da CCS2, Japan ta fito da CHAdeMO tun 2010, China tana da nata GB/T, Arewacin Amurka kuma ta daɗe da CCS1 kafin Tesla ta buɗe nata filogin ga kowa a ƙarshen 2022 da sunan NACS, Ford ta ce za ta koma kansa a watan Mayun 2023, GM ta biyo baya, sauran ma suka bi. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne idan za ka sayi motar da aka shigo da ita daga wata ƙasa, musamman wadda aka yi amfani da ita, ka tabbata bakinta ya dace da cajojin inda za ka riƙa hawanta. Adafta tana nan amma ba kowace ce ke aiki da caja mai sauri ba, kuma adafta mara kyau a kan irin wannan ƙarfin wuta abin tsoro ne gaskiya.

Wayarin gida, nan ne nake so a fi natsuwa

Na taɓa riƙe wani soket a hannuna da aka cire daga bangon gareji bayan an yi makonni ana cajin mota da shi ta doguwar wayar jone. Robar gefen rami ɗaya ta koma ruwan ƙasa ta kumbura, ƙarfen ciki ya yi baƙi, da aka juya bayansa kuwa rigar wayar ta narke ta manne da dunƙulen da aka ɗaure ta da shi, ƙamshin ƙonewa bai bar shi ba. Fis bai taɓa yankewa ba ko sau ɗaya, don wutar ba ta wuce ƙa'ida ba, matsalar ita ce sukurun da ya ɗan saki yana yin zafi awa takwas a jere kullum. Tun ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa mota ba dutsen guga ba ce. Dutsen guga ko butar dafa ruwa suna jan wuta mai yawa amma na 'yan mintuna ne, mota kuwa tana ja ba tsayawa har gari ya waye, kuma irin wannan jan ne yake tona asirin duk wani haɗin waya da ba a ɗaure da kyau ba.

Saboda haka ka kira ƙwararren mai aikin wuta mai lasisi ya fara duba abin da ke shigowa gidan gaba ɗaya, amp nawa ne babban fis ɗin, me da me yake kunne da yamma. Caja ta samu layinta ita kaɗai tun daga allon rarraba wuta da nata bireka, waya mai kaurin da ya dace da nisan, kar a haɗa ta da kowa. A Amurka ƙa'idar ita ce kayan da ke jan wuta na tsawon lokaci kada su wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin bireka, wato bireka mai amp 40 ana caji a kanta da 32, kuma ko ba a can kake ba hikimar tana da kyau. Dole a samu wayar ƙasa mai kyau wadda aka gwada, da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara yoyo, kuma ta zama irin wadda take gane yoyon DC, ko nau'in B ko kuma caja mai gane yoyon miliamp 6 a cikinta, saboda yoyon DC yana iya makantar da na'urar kariya ta yau da kullum ta kasa yankewa lokacin da ake buƙata.

Idan mai aikin ya ce wutar gidan ba za ta ɗauki caja ba sai an ƙaro, kar ka yi saurin yarda, tambaye shi maganar daidaita lodi. Wata 'yar na'ura ce kamar matsefi da ake maƙala wa babbar wayar da ke shigowa, tana auna abin da gidan ke ci kowane daƙiƙa tana gaya wa cajar, idan aka kunna murhun lantarki da na'urar ɗumama ruwa sai cajar ta rage ja, idan aka kashe ta ƙara. Gidaje da yawa wannan kaɗai ya wadatar da su. Sannan ka sanar da kamfanin rarraba wuta, ƙasashe da dama doka ce, a Jamus misali caja har kilowat 11 sanarwa kawai ake yi, wadda ta fi haka sai an ba ka izini. Mutane suna ganin kamar takura ce amma kamfanin ba shi da wata hanyar sanin cewa taransifomar layinku ta kusa cika idan kowa ya yi shiru.

Abin da ke faruwa a unguwa da ƙarfe bakwai na yamma

Ka kwatanta layi ɗaya mai gidaje da suke kan taransifoma guda. Da aka kafa ta an yi lissafi ne cewa ba kowa ne zai kunna komai a lokaci ɗaya ba, wannan yana girki wancan ya fita wancan yana barci, sai lodin ya baje. Yanzu mutum goma a layin sun sayi motar lantarki, duk sun dawo daga aiki tsakanin shida da bakwai, kowa ya fito daga mota ya ɗauki filogi ya jona ya shige gida. Goma sau 7.4, kilowat 74 kenan sun hau kan taransifomar a daidai lokacin da ake girki, fitilu na kunne, na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumamawa tana aiki. Gidan da ke ƙarshen layi shi zai fara gani, wuta ta yi ƙasa fitila ta ɗan dushe. Ita kuma taransifomar tana ɗaukar zafi, man da ke cikinta da takardar da ta naɗe wayoyinta suna tsufa da sauri idan zafi ya yi yawa, ba za ta fashe ranar farko ba amma shekarunta ne suke raguwa.

Abin da ya kamata a gane shi ne yawan wutar da motocin suke ci a shekara ba shi ne babbar matsalar ba, haɗuwarsu a awa ɗaya ce matsalar. Ana gina layin wuta ne don ya iya ɗaukar lokacin da aka fi ja, ko da awa kaɗan ne a shekara, kuma duk abin da ya ɗaga wannan ƙololuwar yana jawo sabuwar waya da sabuwar taransifoma da tashar da za a kunna don 'yan awannin nan kawai. Idan motocin nan goma suka jira sai bayan tsakar dare, ko suka raba daren a tsakaninsu, wuta ɗaya za su sha, da safe duk sun cika, kuma taransifomar ba ta ji komai ba. Holan tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan cajoji a Turai kuma yanzu wurare da yawa a ƙasar layin ya cika har sababbin kamfanoni suna jira kafin a jona su, toh wannan ya nuna cewa ko ƙasa mai arziki ba ta tsira ba.

Yadda za ka saita lokacin

Kusan kowace motar lantarki tana da wajen saita lokaci a allonta ko a manhajar waya, cajojin bango na zamani ma haka. Ka zaɓi ɗaya daga ciki ka saita, kar ka saita duka biyun don suna iya karo da juna ka tashi da safe ka ga motar ba ta sha komai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gaya mata lokacin da za ka fita da kuma kashi nawa kake so, ita za ta lissafa lokacin farawa. Ka jona da zarar ka dawo, wannan ba laifi, jonawa daban fara ja daban.

Ka tambayi kamfanin wutarka ko suna da tsarin da kuɗin wuta ke canzawa da lokaci, wurare da yawa dare ya fi sauƙi, wasu ma kamfanin ne da kansa yake zaɓar awannin da motarka za ta sha in dai ta cika kafin lokacin da ka faɗa. Birtaniya ta mayar da wannan doka, tun 30 ga Yunin 2022 duk cajar gida da aka sayar a can dole ta zama mai wayo, tana zuwa a saite kada ta yi caji daga takwas zuwa sha ɗaya na safe da kuma huɗu na yamma zuwa goma na dare a ranakun aiki, mai ita yana iya canzawa idan ya so. Akwai wani ƙaramin abu a dokar da ya burge ni sosai, cajar tana yin ɗan jinkiri na ba-zata har zuwa minti goma kafin ta fara. Dalili shi ne idan motoci dubbai aka saita su fara ƙarfe goma sha biyu daidai, toh an sake ƙirƙiro wata ƙololuwar ce a tsakar dare a cikin daƙiƙa ɗaya. Kai ma idan da hannu kake saitawa kar ka sa sha biyu cif, sa sha biyu da minti ashirin ko ɗaya da kwata.

Jamus ta bi wata hanyar, tun Janairun 2024 kamfanin layi yana da ikon rage ƙarfin sababbin cajojin gida zuwa kilowat 4.2 idan layin unguwa ya matsu, ba kashewa gaba ɗaya ba, kuma ana rage wa mai cajar kuɗin layi a madadin haka. Wasu sun yi ta ƙorafi amma ka lissafa, awa biyu a kan 4.2 kilowat-awa 8 ne da ɗoriya, tafiyar sama da kilomita 40 kenan, ni ban ga wanda wannan zai hana zuwa aiki ba.

Ba ko'ina ne dare ya fi ba fa. Inda sola ta yi yawa kamar Kalifoniya ko kudancin Ostareliya, tsakar rana ne wuta take yin rara har wani lokaci ana kashe gonakin sola don ba mai sha, da rana ta faɗi kuma buƙata ta tashi tsaye. A irin waɗannan wuraren caji a wajen aiki da rana shi ne ya fi taimakon layin. Idan kana da sola a rufinka nemi caja mai bin rarar sola, tana ƙara ja idan rana ta buɗe ta rage idan girgije ya zo. Sai dai ka sani mota ba ta fara caji a ƙasa da amp 6, wato kamar kilowat 1.4 a fes ɗaya, a fes uku kuwa sai rarar ta kai wajen 4.1, shi ya sa caja mai iya sauya kanta daga fes uku zuwa ɗaya ta fi amfani ga mai ƙaramar sola. Inda wuta take yawan ɗaukewa kuma, ka tabbata cajarka tana ci gaba da kanta idan wuta ta dawo, kuma a saka mata kariya daga tsallen wuta.

Kan hanya

Caja mai sauri ta tafiya ce, ba ta kullum ba. Idan ka tsaya a gabanta ka kalli allon za ka ga lamba tana tashi da farko, a ce ka zo da kashi 10, lambar ta hau kilowat 150 ko fiye, fankokin motar suna ƙara kamar za ta tashi, sai ka ga daga wajen kashi 50 ko 60 ta fara saukowa, tana kaiwa 80 ta zama kamar ɗigon famfo. Ba lalacewa ta yi ba, kwamfutar batirin ce take ragewa don kare shi. Shi ya sa daga 80 zuwa 100 yana iya ɗaukar lokaci kusan daidai da daga 10 zuwa 80, toh cire filoginka a 80 ka ba na baya wuri, gara ka tsaya sau biyu gajeru da sau ɗaya dogo.

Ka sa tashar cajin a taswirar motar tun kana nesa, motoci da yawa idan suka san inda za ka sai su ɗumama ko su sanyaya batirin kafin ka isa, batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri ko kaɗan. Ka kuma duba ko tashar tana raba ƙarfi tsakanin baki biyu, idan akwai wuri ka ɗauki wadda ba kowa a gefenta. Kuma kullum ka san tasha ta biyu a kusa, caja a mace ko layi mai tsawo abu ne da yake faruwa har yanzu.

Saurin yana ta ƙaruwa. Porsche Taycan ta fito da tsarin bolt 800 a 2019, Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 suka kawo shi ga motocin da mutane da yawa ke iya saye, daga 10 zuwa 80 cikin kamar minti 18 idan komai ya daidaita. A watan Maris na 2025 BYD ta nuna caji mai kilowat 1000, ta ce tafiyar kilomita 400 cikin minti biyar. Manyan motocin dakon kaya ma ana yi musu nasu tsarin mai suna MCS da aka tsara ya kai megawat 3.75, wato kilowat 3750. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 cewa a manyan hanyoyinta a samu tashar caji mai sauri a kowace kilomita 60, kuma a iya biya da kati ba sai an sauke manhaja ba. Amma ka duba ɓangaren layin, tasha mai baki takwas kowanne kilowat 350 idan duk suka cika megawat 2.8 ne, lodin wata ƙaramar masana'anta kenan a gefen titi, kuma sau da yawa jiran a jona ta da layi ya fi gina ta daɗewa. Wannan ne ya sa yanzu ake saka manyan batura a tashoshin, su sha wuta a hankali duk yini su zuba wa mota da ƙarfi idan ta zo. Kamfanin NIO a China ya bi hanyar musanya batir, ka shiga rumfa injin ya cire na ƙasa ya saka cikakke cikin 'yan mintuna, baturan da aka cire kuma ana cajinsu a natse. Wani kamfani mai suna Better Place ya gwada wannan tun da wuri a Isra'ila da Denmark ya karye a 2013, don a lokacin motocin ba su da yawa.

Batirin kansa

A taƙaice, ka san irin batirinka. Mai nikel, wanda ake kira NMC, ya fi son a tsayar da shi a wajen kashi 80 a kullum, sai ranar tafiya a cika shi a kuma tashi da wuri kar ya kwana biyu a cike. Mai ƙarfe da fosfet, LFP, yawancin masu ƙera shi suna cewa a riƙa cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci don kwamfutar ta san ainihin abin da ke ciki. Abin da littafin motarka ya faɗa shi za ka bi.

Lokacin da mota za ta fara mayar da wuta

Wannan shi ne ɓangaren da nake ganin zai fi canza abubuwa. Batir mai kilowat-awa 60 ya ninka batirin ajiya na gida sau da yawa, kuma yana zaune a ƙofar gida yawancin yini. Mataki na farko tuni ya zo, motoci irin su Ioniq 5 suna da soket da ke ba da har kilowat 3.6 ka jona firij ko kayan aiki kai tsaye. Mataki na biyu shi ne motar ta riƙe gidan gaba ɗaya idan wuta ta ɗauke, Japan ta ba wannan muhimmanci bayan girgizar ƙasar 2011, Nissan ta fito da tsarin da motarta Leaf ke ba gida wuta a 2012, Ford F-150 Lightning ma tana iya ba gida har kilowat 9.6. Na uku kuma shi ne motar ta sayar wa layin wuta da yamma ta sake sha da dare, Renault 5 ta fara haka a Faransa, birnin Utrecht na Holan ma yana yi da motocin haya na haɗin gwiwa.

Idan kana son ka shirya wa wannan, abubuwa uku ne sai sun yarda da juna, motar, cajar, da kamfanin layi. Ka tambaya ko cajar tana aiki da OCPP, yaren da cajoji ke magana da shi da manhajojin kamfanoni daban-daban, don kar ka maƙale da kamfani ɗaya idan ya rufe. Ka tambaya kuma ko ita da motar suna goyon bayan ISO 15118-20, ƙa'idar da aka fitar a 2022 wadda ta tsara yadda wuta za ta riƙa tafiya gaba da baya. Ka karanta garantin batirin ka ga me ya ce a kan mayar da wuta, wasu suna sa iyaka. Ka kuma saita mafi ƙarancin kashin da ba za a taɓa ba, a ce 40 ko 50, don ko da tafiyar gaggawa ta taso da dare.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa, kar ka taɓa jona soket ɗin mota cikin soket ɗin bango don ka ba gida wuta. Idan ba a saka makunnin da ke raba gidan da layin waje ba, wutar motarka za ta bi waya ta fita, ta ratsa taransifoma ta koma mai ƙarfin gaske a ɗaya ɓangaren, kuma akwai ma'aikaci a kan falwaya da ya kashe layin ya kama waya da hannu yana gyara. Wannan makunnin, mai aikin wuta mai lasisi ne zai saka shi, ya gwada a gabanka ka ga gidan ya rabu da layi kafin motar ta fara ba da wuta, sannan ya ba ka takardar gwajin ka ajiye tare da takardun motar.